Gida ɗaya duk Juma'a

Na daɗe ina son faɗar wannan maganar, yau dai bari in sauke ta.

Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, na shiga wani ƙunci da na kasa gane kansa. Ba yunwa ba ce, alhamdulillahi, albashi yana shigowa ko da ba ya kai mu ƙarshen wata. Zuciya ce kullum a cunkushe. In na taso daga aiki sai in kwanta da waya a hannu, daga Facebook in koma WhatsApp: farashin shinkafa, labarin 'yan bindiga, hoton wani sa'ana a sabuwar mota. Har ɗayan dare. Da safe jiki a mace, mai ɗakina ta yi magana in amsa da faɗa.

Wata Juma'a aka ce Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ba ta jin daɗi. Tana Yakasai, ni ina Sheka, adaidaita sahu ce kawai tsakaninmu, amma na kusa shekara rabona da gidanta. A zauren dangi na WhatsApp nake gaishe ta, alhali ƙaramar waya ce a hannunta. Sai jikarta ta tuna sannan take gaya mata.

Na same ta a tsakar gida kan tabarma, tana tsinke zogale a faifai. Ta ɗago ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "A'a, ɗan nan, ashe kana gari? Lale, lale." Ta riƙe hannuna ba ta saki ba har ta gama tambayar yarana, kowa da sunansa. Ta sa aka kawo mini kunun tsamiya da ɗuminsa. Ta ba ni labarin yadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake goya ta zuwa makarantar allo in ruwa ya cika lungu, labarin da ban taɓa ji ba duk tsawon rayuwata. Da zan tafi ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini kuɗi, wai a saya wa yara alewa. Na ce, "Haba Gwaggo, ku bar shi." Ta ce in ban karɓa ba ta yi fushi.

A daren nan na yi barcin da na manta rabona da irinsa. Tun daga ranar na ɗaura wa kaina doka: duk Juma'a in an sauko daga masallaci, gida ɗaya. Wani satin kawu, wani satin malamina na firamare, wani satin maƙwabcinmu na da da ya daina fita saboda ciwon ƙafa.

Daga baya na ci karo da binciken da Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara a 1938. Maza 724 aka riƙa bibiya tun suna samari, 268 ɗaliban jami'ar, 456 kuma 'ya'yan talakawan birnin Boston, ana duba lafiyarsu ana tambayarsu halin da suke ciki, fiye da shekara 80 ana abu ɗaya. Abin da ya fi fitowa fili shi ne waɗanda suke da kyakkyawar alaƙa da iyali da abokai sun fi jin daɗin rayuwa, sun fi lafiya a tsufa. Da na karanta sai jikina ya yi sanyi, domin tun muna Islamiyya muka haddace cewa Manzon Allah (SAW) ya ce wanda yake son a yalwata masa arzikinsa, a tsawaita masa kwanansa, to ya sada zumuncinsa. Mun haddace, mun ci jarrabawa da shi, muka ajiye.

Na san me za a ce. Kuɗin mota ya yi tsada, kuma mutum yana jin nauyin shiga gidan manya hannu na dukan cinya. Gaskiya ne. Amma sau nawa na je da lemon ɗari biyar, sau nawa ma ban kai komai ba, ba wanda ya taɓa duba hannuna. Fuskata suke nema. Akwai kuma dangin da in ka je sai roƙo ko tsegumi, su ma ina zuwa, in gaisa in taƙaita zama. Sannan wanda damuwarsa ta kai ga ba ya iya ci, ba ya iya barci, ko yana jin rayuwa ta ishe shi, wannan ciwo ne, ya ga likita, mu kuma mu raka shi.

Abin da yake damuna shi ne yadda muke jingine farin ciki sai kaya sun sauko, sai an samu ƙarin girma, sai an gama gini. Tsofaffin nan kuwa ba za su jira mu ba. Cikin gidajen da na fara zagayawa, biyu yanzu sai dai in je in gaida iyalansu.

Wannan Juma'ar Gwale zan nufa wajen Kawu, kuma da babban ɗana zan tafi, don har yanzu bai san hanyar gidan ba.