Eyam, ƙauyen da ya kulle kansa

Jama'a, in ana maganar mulki a Ingila kowa Landan yake kallo. Ni kuwa wani ɗan ƙauye ne ya tsaya min a rai, Eyam, a yankin Derbyshire, wanda har yau mutanensa ba su wuce dubu ɗaya ba.

A 1665 aka aiko wa wani tela ɗaurin yadi daga Landan, ashe akwai ƙuma mai ɗauke da annoba a ciki. Yaron shagon, George Viccars, shi ya kwance kayan, shi ya fara rasuwa. Da cutar ta yi ƙamari a 1666, limamin coci William Mompesson da tsohon limamin garin Thomas Stanley, duk da saɓanin aƙidarsu, suka haɗa kai suka shawo kan jama'a: ba shiga ba fita, kada a kai wa maƙwabta mutuwa. Babu soja, babu bulala. Mutane suka amince.

A bakin iyaka akwai wani dutse mai ramuka. Sai mutanen Eyam su zuba ruwan kal a ramukan su tsoma kuɗi don gudun yaɗa cutar, 'yan ƙauyukan kusa su ajiye abinci su kwashe kuɗin su juya. Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas, da hannunta. Matar Mompesson ma ta rasu. Kimanin mutum 260 aka rasa. Wallahi duk sanda na tuna Elizabeth ɗin nan sai jikina ya yi sanyi.

A wancan zamani coci ce ke riƙe da sha'anin ƙauye. Dokar 1894 ta raba su, ta kafa majalisun ƙauyuka da ake zaɓa, kuma Eyam na da tata, ƙarƙashin gundumar Derbyshire Dales. Wasu na raina irin waɗannan majalisu, wai aikinsu filin wasan yara ne da bencin zama da turbar ƙafa. Ban yarda da rainin nan ba ko kaɗan. Yawancin kansilolin ba su karɓar albashi, kuɗin aikinsu ɗan kaso ne da ake ɗorawa kan harajin gidaje, kuma ƙofar zamansu a buɗe take ga kowa. Wanda ya yanke shawara yau, gobe da safe zai haɗu da wanda ta shafa a kanti.

Har yanzu, duk Lahadin ƙarshen Agusta, mutanen Eyam kan taru su yi addu'a a kwarin Cucklett Delf, inda kakanninsu suka riƙa ibada a fili, kowane gida nesa da ɗan'uwansa.