Kafin ka kwatanta soyayya da kaska, je ka tone gindin dawa

Duk marubucin da ya ce zai kwatanta soyayya da halittun da ke rayuwa a jikin wasu, kaska ce ke fara faɗo masa. Raɓi mai jini, ta sha ta ƙoshi ta faɗi. Daga nan sai rubutun ya koma habaici ga masu son abin hannu, wanda an yi har an gaji. A ganina kaska ba ta cika sakin layi ɗaya.

Ƙuduji ya fi ta nisa. Irinsa kamar ƙura yake, tushe ɗaya na zubar da dubbai, kuma yana iya kwanciya a ƙasa sama da shekara 10 bai tsiro ba. Ruwan sama kaɗai ba ya tashe shi, sai ya ji wani sinadari da saiwar gero ko dawa ke fitarwa. In ya tsiro bai sami saiwar kamawa ba cikin 'yan kwanaki, mutuwa zai yi. In ya kama kuwa, makonni yake yi a ƙarƙashin ƙasa yana tsotsa. Manomin Gumel ko Ɗambatta ya san alamar: dawa ta tsumbure, ganye ya yi rawaya kamar ana fari alhali damina ta zauna, sai can daga baya furen nan mai ruwan hoda ya leƙo, an riga an yi ɓarna. To haka za ka jera sashen. Fara da dawar da ke ramewa ba a san dalili ba, ka ɓoye furen sai jimlar ƙarshe. Kada ka manta da dabarar manoma ta shuka waken suya ko auduga: suna fitar da sinadarin, ƙuduji ya tsiro, ya rasa abin kamawa ya mutu. Wanda aka yi wa fara'a ya ɗauka so ne ke nan.

Tsargiya ita ce zuciyar rubutun, ka ba ta kusan rabin kalmominka. Ana ɗaukarta a ruwan da dodon koɗi ke zama, irin magudanan noman rani na Kadawa da fadamun Haɗeja. A cikin jijiyar jini, namijin tsutsar yana da wani kwari a jikinsa inda yake rungume macen shekara da shekaru, ita kuma ba ta balaga sai a tare da shi. Wane mawaƙi ne zai ƙi wannan? Amma ƙwayayen da suke zubawa su ke maƙalewa a mafitsara, yaro ya riƙa fitsarin jini. Ma'auratan lafiya lau suke da juna, gidan da suke ciki ne ke jin jiki. Wannan ne wurin maganar surukai, da 'ya'ya, da uwargidan da aka mance da ita.

Rabuwa kuma ka ba wa kurkunu, tsutsar nan mai fitowa a ƙafa, ko da yake an tabbatar Nijeriya ta rabu da shi tun 2013. Shekara guda yake yi shiru a jiki. In ya leƙo, a tsinke ake naɗe shi kaɗan-kaɗan kullum, wani lokaci har makonni. Ka fizga ya tsinke, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa.

Uku sun isa. Ka ƙara ta huɗu, maƙala ta zama darasin kimiyya. Kuma kada ka saka balbela, ba ta shan jinin saniya, ƙwarin da ƙafar saniyar ke tasowa take ci. Carki ne mai fuska biyu, yana cire kaska, yana kuma tone gyambo don kada ya warke.

Inda aka fi faɗuwa shi ne rashin tsayar da wanda ake tsotsa. A kowane sashe ka rubuta a gefen takarda: wa ke ci, wa ake ci, shi wanda ake cin ya sani? In amsa ɗaya ta fito a sashe biyu, goge ɗaya.