Manyan Baki

Laifina guda ɗaya ne. A taron ƙungiya na buɗe baki na ce, "Ai a garin nan kamfanoni kan ɗauki nauyin irin wannan biki." Ban rufe bakin ba shugaba ya ce, "Madalla, Allah ya ba mu shugaban kwamitin neman kuɗi." Aka yi fatiha, aka shafa. Kwamitin kuwa ni ne shugaba, ni ne sakatare, ni ne ɗan aike.

Ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Agege ce, ba ta neman riba, kuma ribar ma ba ta taɓa nemanta ba. Duk shekara bayan Babbar Sallah mukan shirya bikin kaɗe-kaɗen gargajiya, don yaranmu haihuwar Ikko, waɗanda Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu, su ga kalangu da kotso da idonsu, su kuma san cewa goge abin kiɗa ne, ba aikin mai wankin takalmi ba. Da can karo-karo ke isar mu. Amma tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin motar makaɗa daga Kano kaɗai ya kai abin da muke kashewa a bikin gaba ɗaya. Bana da muka haɗa rumfuna, kujeru, lasifika, janareto da mansa, masaukin baƙi, da rabon yaran unguwa waɗanda ko suna kake yi sai sun zo karɓar nasu, lissafi ya tsaya a naira miliyan huɗu da rabi.

Ɗan ƙanena mai kwamfuta ya tsara mini takardar neman tallafi, da aji uku: Zinariya, Azurfa, Tagulla. Ni kaina da na ga takardar sai da na ji kamar in ba mu kuɗi.

Ranar zuwa wani kamfani a Victoria Island na fito bayan sallar Asuba cikin babbar rigar shadda da ta sha bugu. Danfo zuwa Oshodi, wani danfon zuwa Obalende. A kan gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, gosulo ya riƙe mu, wata mata kuma ta ɗora mini rabin kwandon kifinta a cinya tana ce mini "sori, Aboki" duk lokacin da direba ya taka birki. Na isa ofishin ina ƙamshin bakin teku.

Jami'ar da ta karɓe ni tana da kirki, ta ma daure ba ta toshe hanci ba. Ta tambaye ni mutum nawa ke bin mu a Instagram. Na ce muna da zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu da wani abu, sai dai rabinsu ba sa magana sai ranar Juma'a. Ta ce to me kamfaninsu zai samu idan ya ba mu kuɗi? Na yi shiru, na duba aji uku na takardata, na ce, "Lada." Wallahi sai da ta rubuta. Bayan mako uku saƙonsu ya iso: katan goma na lemo da hulunan hana-salla hamsin masu tambarin kamfani. Ka dubi tsohon makaɗin kotso da ya saba zama a ƙofar fada, ka ce ya ɗora hana-salla.

Shugaba ya ce a bar turawan nan, a koma gida, a kafa gidauniya. Muka kira attajiranmu, muka ɗauko maroƙi, wani Bazazzagi mai murya kamar kakaki. Nan na ga ikon Allah. Wani Alhaji ɗan canji ya karɓi makirfo ya ce miliyan ɗaya. Maroƙi ya ɗaga shi sama. Alhaji mai shanu na mayankar Oko-Oba ya gyara hula ya ce miliyan ɗaya da rabi. Dillalin albasa na kasuwar Mile 12, wanda ba sa ga-maciji da mai shanun, ya ce miliyan biyu, kuma a rubuta sunansa a sama. Aka tashi da alkawarin miliyan bakwai. Abin da ke kan faranti kuwa, da na ƙirga sau biyu, dubu tamanin da uku ne, har da wata ɗari biyar mai faci da salatif. Shugaba tuni ya fara zancen a ƙaro masu algaita.

Sai bin bashin alkawari, wanda ya fi bashin kanti wuya, tunda ba ka da bakin yin faɗa. Na je wurin ɗan canji, yaronsa ya ce Alhaji ya tafi Umara, alhali ga takalman Alhaji a bakin ƙofa, ga tarinsa ina ji. Mai shanu ya ce, "Haba Malam, tun jiya na tura, ba ka ga alat ba? Netwok ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya shiryi netwok." Mai albasa shi ne mai gaskiyarsu. Ya sa aka loda mini buhu uku a keke, ya ce in riƙe zuwa tsakiyar damina, farashi zai hau, in sayar in cire wani abu daga alkawarin. Ɗakinmu ciki da falo ne. Maiɗakina ta dubi buhunan, ta dube ni, ta ce, "Baban Ummi, wannan su ne Zinariyar ko Tagullar?"

Kuɗin da ya biya kafin alƙalamin rumfa daga wajen Hajiya mai tuwo ya fito. Ta kira ni bayan shagonta, ta kwance bakin zane, ta ba ni kwasar adashinta dubu ɗari da hamsin, bisa sharaɗin a ba mata masu amada fili da rana, ba a tura su ƙarshen dare kamar bara ba. Masu shayi, masu suya da 'yan dako suka haɗa nasu a leda. Babu wanda ya nemi makirfo.

Duk da haka shugaba ya ce dole a buga sunayen attajiran a babban ƙyalle, ko kunya za ta sa su motsa. Na tura wa wani mai ɗab'i a Shomolu rubutun: "MANYAN BAƘI DA SUKA YI ALKAWARI". Kwamfutar bawan Allah ba ta san ƙugiya ba. Da safiyar biki muka warware ƙyallen, faɗinsa ya kusa tare titi, da jan rubutu: "MANYAN BAKI DA SUKA YI ALKAWARI", ga sunaye uku reras a ƙasa. Gumi ya karyo mini. Shugaba ya ce in kwantar da hankali, ai mutane da yawa haka suke rubutawa, babu mai lura.

Bazazzagin nan ya lura. Ana cikin kiɗa, alhazan na zaune a sahun gaba, ya ɗaga kai ya karanta yadda aka rubuta, a hankali, ya maimaita. Ya ce, "Jama'a, ni ba ni na faɗa ba, na'ura ce, ita kuwa ba ta da dangi a Agege." Mai kalangu ya ɗauki maganar ya mayar da ita kiɗa, matan amada suka karɓa da guɗa. Na fara neman ta inda zan sulale, sai na ga ɗan canji yana yafito ni. Na je na durƙusa, ina jiran mari. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, karanto lambar asusun nan." Kafin in miƙe wayata ta yi ƙara. Ba a jima ba ta sake yi: netwok ɗin mai shanu ya shiryu. Mai albasa kuwa ya kalle ni ya ce, "Ni ai kayana na wurinka."

A taron da ya biyo baya na miƙa takardar murabus. Shugaba ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce a naɗe ƙyallen a adana wa baɗi, kuma duk wanda ya kuskura ya sa masa ƙugiya shi zai biya kuɗin janareto. Albasar tana nan, buhu ɗaya har ya fara tsiro.