Tumbin Koci da Tumbin 'Yan Kallo

A shekarar 2005 Rafael Benitez ya jagoranci Liverpool ta ɗauki kofin zakarun Turai a Istanbul, bayan an tafi hutun rabin lokaci AC Milan na cin ta uku da nema. Duk da wannan tarihi, magoya bayan ƙungiyoyin hamayya a Ingila sun shafe shekaru suna rera masa waƙar da ke kiransa lukutin ma'aikacin gidan abinci ɗan Sifaniya. Wayne Rooney, tsohon ɗan wasan Ingila, ma bai tsira ba, domin lokacin da ya karɓi aikin horar da Birmingham City a 2023, sannan Plymouth Argyle a 2024, hotunan fuskarsa da na jikinsa sun fi dabarunsa yawo a shafukan sada zumunta. A nan Kano kuwa, duk mai zuwa gidan kallo ya san abin da ke faruwa da zarar kyamara ta hasko koci mai jiki a gefen fili yana ɗaga hannu: wani ne zai ɗaga murya daga bencin baya ya ce, "Wannan ai sai dai ya koya musu cin tuwo," sai ɗaki ya ɗauki ihu. Irin wannan shaguɓe ba baƙo ba ne a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, musamman idan kocin baƙi ya miƙe yana jayayya da alƙalin wasa.

Ina ganin masu wannan ba'a suna cakuɗa abubuwa biyu da ba su da haɗi, wato ƙwarewar mutum a aikinsa da kuma lafiyar jikinsa, kuma a duka biyun ba'ar ba ta da abin da take tsinanawa.

Ta fuskar aiki, koci ba ya shiga fili. Abin da ake biyansa a kai shi ne ya karanci abokin karawa, ya san wanda zai sa da wanda zai ajiye, ya gane lokacin da tsakiyar fili ta kuɓuce masa, ya kuma iya riƙe samari ashirin da 'yan kai masu kuɗi da taurin kai a ɗaki guda. Arrigo Sacchi, wanda ya ci wa AC Milan kofin Turai a 1989 da 1990, bai taɓa buga ƙwallo a matsayin sana'a ba, tallan takalma ya yi kafin ya shahara, kuma da aka goranta masa sai ya amsa cewa shi bai san sai mutum ya taɓa zama doki kafin ya iya sukuwa ba. Wanda ke son sukar Rooney ba ya buƙatar duban wuyansa, tunda wasa biyu kacal ya ci cikin goma sha biyar a Birmingham kafin a sallame shi, kuma wannan kaɗai ya isa hujja. Idan mai suka ya bar sakamako ya koma kan tumbi, galibi alama ce ta cewa hujjarsa ta ƙare.

Akwai dai wata magana mai nauyi da masu sukar ke kawowa, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sukan ce shugaba abin koyi ne, don haka da wane ido koci mai teɓa zai dubi ɗan wasa ya ce ya yi nauyi? Gaskiya ne ƙungiyoyi na auna 'yan wasa, suna sa musu ido kan abin da suke ci, har Pep Guardiola, kocin Manchester City a lokacin, ya taɓa faɗa wa 'yan jarida a ƙarshen 2022 cewa ɗan wasansa Kalvin Phillips ya dawo daga gasar cin kofin duniya da nauyin da ya wuce ƙima. To amma jikin ɗan wasa shi ne kayan aikinsa, kilo biyu na iya hana shi cim ma ɗan gaba mai gudu, alhali kayan aikin koci ido ne da tunani da harshe. Sannan labarin Phillips yana da ƙarashe da ba a cika ambata ba: ɗan wasan ya bayyana daga baya cewa maganar ta karya masa gwiwa, shi kuma Guardiola ya fito a 2024 ya ba da haƙuri. Ko a inda nauyi yake da ruwa da tsaki a aiki ke nan, tona shi a bainar jama'a bai gyara komai ba.

Dalilin da ya sa tsofaffin 'yan wasa ke yin jiki ba ɓoyayye ba ne. Mutum ya saba tun yana yaro da cin abinci mai yawa saboda yana ƙone shi a atisaye safe da yamma, ranar da ya rataye takalmi kuwa atisaye ne ke tsayawa, cikin da ya saba bai san an yi ritaya ba, ga gwiwa ko idon sawun da tsohon rauni ya hana gudu. Diego Maradona sai da aka yi masa aikin rage tumbi a 2005, kafin ya zo ya horar da Ajantina a gasar 2010. A gasar cikin gida ta Najeriya abin ya fi haka wuya, domin koci kan kwana a mota daga Kano zuwa Uyo ko Fatakwal, ya ci abin da ya samu a bakin hanya da tsakar dare, ya kwanta da fargabar cewa rashin nasara biyu a jere na iya raba shi da aiki. Masu bin ƙwallo ba su manta da watan Yunin 2016 ba, lokacin da tsohon kocin Super Eagles Stephen Keshi ya rasu yana da shekara 54, kwanaki kaɗan bayansa Shu'aibu Amodu, shi ma tsohon kocin Super Eagles, ya bi shi yana da 58, dukansu farat ɗaya. Mutuwa da lokacinta, amma wannan rashi ya kamata ya sa ƙungiyoyi su riƙa duba jini da zuciyar kocinsu kamar yadda suke duba 'yan wasa kafin a fara kaka, ko yana da jiki ko ba shi da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne laifi tudu ne. Koci yana shan ba'a ne saboda an sa shi cikin matsattsiyar rigar wasanni an tsayar da shi gaban kyamara minti casa'in, mu kuwa muna da kaftani da babbar riga masu rufa asiri, sai tela ne kaɗai ya san inci nawa aka ƙara a ƙugun wandon sallar bana. Bugu da ƙari, tumbin da muke wa dariya a talabijin shi muke yabo a zaure. Idan ɗan kasuwa ya fara ajiye ciki sai a ce Alhaji ya samu hutu, idan ango ya yi kumatu sai a ce amarya ta iya girki, idan kuwa mutum ya rage jiki da gangan sai 'yan'uwa su fara tambaya a ɓoye ko lafiya, ko bashi ne, ko kuwa wata cuta ce yake rufewa. Ga mata abin ya fi tsanani, domin matar auren da ba ta yi ƙiba ba akan ɗora laifin a kan miji, har ta kai wasu 'yan mata da amare na shan magungunan da aka fi sani da sha ka fashe. Daga cikin abin da ake sha akwai dexamethasone, maganin da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na daban, wanda yawan shansa ke kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya kuma raunana ƙashi. Wannan kumburi ne ake saye da kuɗi ana kiransa kyau.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna cewa mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na fama da ƙibar da ta kai matsayin cuta, wato fiye da mutum biliyan ɗaya, kuma yawan manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. A Najeriya, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya haura ƙima, kuma shi dai wannan bincike ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, abin da ya fi ƙamari a arewa maso yamma. Saboda haka wanda zai ce mutanen da ke neman na sawa a bakin salati ba su da lokacin zancen ƙiba bai duba da kyau ba, domin a gida ɗaya ana samun uwa mai ciwon suga da yaron da bai samu abinci mai gina jiki ba, kuma sau da yawa tukunya guda ce ta haifar da duka biyun: tsaba da mai da dunƙule sun yi yawa, wake da ganye da ƙwai da kifi sun yi ƙaranci.

Rayuwar birnin ma ta sauya a idonmu. Iyayenmu daga Gwale ko Fagge da ƙafa ko da keke suke zuwa kasuwar Kurmi, yanzu kuwa tafiyar da ba ta kai kiran salla biyu ba sai an tari adaidaita sahu, kuma ba laifin mutane ba ne kaɗai, tunda gefen titin da za a bi da ƙafa 'yan tebur da motoci sun cinye shi. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Singa yana zaune ne tun hantsi har la'asar sakaliya, ana kawo masa shinkafa da lemon kwalba har inda yake. Da dare kuma sai teburin mai shayi, inda za ka ga an tsiyaya madarar gwangwani, an zuba suga ba a ƙirga cokali, an soya indomi biyu da ƙwai uku cikin mai, an haɗa da rabin burodi, duk da ƙarfe goma sha ɗayan dare bayan an tashi daga kallon wasa, daga nan sai katifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da babban mutum ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato cokalin shayi goma sha biyu, kuma robar lemo guda mai rabin lita ta kusa cinye wannan kaso ita kaɗai. Mutumin da ya yi wa koci dariya ɗazu shi ne zaune a wannan benci.

Sakamakon kuwa yana nan a layin masu hawan jini da ciwon suga a asibitocin birnin, da shanyewar ɓarin jiki, da wankin ƙodar da ke cinye gida da gona. Gane inda mutum ya tsaya ba ya buƙatar kuɗi. Likitoci kan raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita da aka ninka da kansa, idan sakamakon ya kai 25 nauyi ya fara yawa, idan ya kai 30 an shiga haɗari, misali mai tsawon mita 1.7 da ya kai kilo 87. Akwai ma hanya mafi sauƙi: a yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninke ta biyu, a zagaya ciki da ita wajen cibiya, idan bakin bai haɗu ba to kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne kitsen da ya fi illa ga zuciya da hanta.

Ba'a dai ba ta rage ko kilo guda. Masu binciken lafiya sun daɗe da lura cewa wanda ake muzantawa saboda jikinsa yakan guji asibiti, ya ji kunyar fita motsa jiki inda za a gan shi, wani ma damuwar ta ƙara masa ci. Ga gado da wasu cututtuka da magunguna da ke sa jiki, waɗanda mai ihu daga nesa ba ya gani. Addinin da ya hore mu da kasa ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, shi ne kuma ya hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi a Suratul Hujurat, amma malamanmu sun fi yawan ambaton hadisin a watan azumi, watan da wasu gidaje ke ƙarar da man gyaɗa fiye da kowane wata.

Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai suga a dokar kuɗi ta 2021, sai dai hauhawar farashi ta mayar da shi abin da mai saye ba ya ko ji. Abin da jiha za ta iya ya fi wannan kusa: ta kare filayen unguwanni da na makarantu daga komawa shaguna, ta kuma bar wa mai tafiya da ƙafa gurbi a duk titin da za ta gina.

Ita kanta ƙwallon tana da rawar da za ta taka, kuma an gwada an gani. A Sikotland an ƙirƙiro wani shiri inda ƙungiyoyin ƙwallo ke gayyatar magoya bayansu maza masu jiki, 'yan shekara 35 zuwa 65, su zo filin ƙungiyar sau ɗaya a mako har mako goma sha biyu, kociyoyin ƙungiyar su koya musu tsarin cin abinci, su kuma motsa jiki tare. Sakamakon da aka wallafa a 2014, bayan gwaji kan mutum 747, ya nuna cewa bayan shekara guda waɗanda suka shiga sun fi waɗanda ba su shiga ba rage nauyi da kusan kilo biyar. Sirrin abin shi ne magidancin da ba zai taɓa zuwa asibiti don a yi masa zancen tumbi ba zai zo da gudu idan ƙungiyarsa ce ta kira shi. Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, tana da magoya bayan da ƙungiyoyi kaɗan ne ke da irinsu a ƙasar nan, kuma filin Ƙofar Mata a rufe yake kwana a yawancin ranakun mako. Buɗe shi bayan sallar asuba ranar Asabar, da ma'aikacin jinya ɗaya mai abin awon jini da sikeli a bakin ƙofa, da tsofaffin 'yan wasa biyu ko uku masu jan zagaye, ba zai ci kuɗin sayen ɗan wasa guda ba. Mata kuma, waɗanda alƙaluma suka nuna matsalar ta fi kama su, suna buƙatar ranarsu ta daban da mata masu horarwa, ko a harabar makarantun 'yan mata da ke cikin unguwanni, domin mazaje da yawa ba za su bar iyalinsu zuwa filin wasa ba, amma za su bari a je makarantar da ke bayan layi.