Warƙa Ɗaya a Kowace Rana

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

A cikin Talmud, babban kundin fikihu da tafsirin Yahudawa, an jera tambayoyin da suka ce za a yi wa mutum ranar hisabi. Ta farko ita ce ko ya yi ciniki da gaskiya. Ta biyu: "Ka tsayar wa karatu lokaci?" Ku lura da lafazin, lokaci ake tambaya, abin da ɗan dako da attajiri duka suke da shi daidai wa daida. Tun da na san wannan tambaya ba ta bar zuciyata ta huta ba.

Aƙidarmu daban, tasu daban, kuma ba kiran kowa nake yi zuwa gare ta ba. Ɗabi'arsu ta riƙon karatu nake so mu duba.

A watan Agusta na 1923 aka yi babban taron malamansu a birnin Biyana na Ostiriya. Wani malami daga Folan, Rabbi Meir Shapiro, yana ɗan shekara 36, ya kawo shawara: kowane Bayahude, duk inda yake, ya riƙa karanta warƙa ɗaya ta Talmud a rana, gaba da baya, kuma kowa warƙa iri ɗaya. Ya ce mutum zai hau jirgin ruwa ya yi mako biyu a teku, ya sauka a Amurka, ya shiga ɗakin karatu ya tarar jama'a suna daidai inda yake. Suka kira tsarin Daf Yomi. An fara ranar 11 ga Satumba, 1923. Warƙoƙin 2,711 ne, sauka ɗaya tana cin kusan shekara bakwai da wata biyar, kuma babu ranar hutu: Asabar, ranar hutunsu ta addini, ana yi, ranar azumi ana yi, ranar idinsu ma ana yi.

Shi kansa sauka ɗaya tak ya gani, ta 1931, ya rasu a 1933. Sauka ta uku ta faɗo a 1945, bayan an kashe miliyoyinsu a Turai, amma wasu daga cikin waɗanda suka tsira sai da suka taru a sansanin 'yan gudun hijira a Jamus suka yi ta. Ranar 1 ga Janairu, 2020 kuwa, mutum wajen dubu 90 suka cika filin wasa na MetLife a Amurka, cikin tsananin sanyi, don sauka ta 13. Kwana huɗu bayan haka sun koma warƙar farko. Da yawansu ba malamai ba ne: likitoci ne, akantoci, masu shaguna, tsofaffi da sanduna. Akwai 'yan kasuwa da suka shafe shekaru suna darasinsu a taragon jirgin ƙasa da safe, a hanyarsu ta zuwa aiki cikin Niyok.

Musa bin Maimun, malaminsu kuma likita, haifaffen Kurɗuba wanda ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cewa karatu wajibi ne a kan talaka da mai kuɗi, mai lafiya da majinyaci, saurayi da tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, har mai bara ƙofa-ƙofa. Zuwa yaushe? Ya ce har ranar mutuwa, domin duk ranar da mutum ya daina karatu, ya fara mantuwa. Tun kafinsa da ƙarni da yawa wani malaminsu, Hillel, ya ce kada ka ce sai ka samu sarari za ka yi karatu, wataƙila ba za ka samu ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Rabbi Akiba. Makiyayi ne, ya kai shekara 40 bai san ko baƙi ɗaya ba. Wata rana ya ga dutse a bakin rijiya da ɗigon ruwa ya huda. Ya ce in ruwa mai taushi ya iya huda dutse, to zuciyata ba ta fi dutse tauri ba. Ya je ya zauna tare da ɗansa gaban malamin yara, suka riƙe allo ɗaya, ya fara daga baƙin farko. Ku auna kunyar da ya haɗiye, ƙaton mutum da gemu a tsakiyar yara! Shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan malamansu. Ɗan'uwa, kai da kake cewa girma ya kama ka, shekarunka nawa?

Abin da ke min ciwo shi ne mun san wannan hanya. Iyayenmu suna tashi daga kasuwa su wuce zaure da littafi a hammata, a biya musu layi biyu ko uku na Ahalari ko Risala tsakanin Magariba da Isha'i, shekara da shekaru. Kuma Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ruwaito daga Manzon Allah (SAW) cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Amma da yawanmu muna yin walimar sauka sai mu naɗe tabarma, kamar karatu na yara ne. Sai azumi ya zo mu cika masallaci don tafsiri, sallah na wucewa mu watse har baɗi.

Ni ma haka na yi. Na bar zaure da na fara aiki, na ce sai na ɗan natsu. Aure ya zo, 'ya'ya suka zo, natsuwar ba ta zo ba. Watan jiya ɗiyata ta tambaye ni bambancin ƙabli da ba'adi, na buɗe baki na ji amsar ta gudu. Washegari bayan Asuba na je na durƙusa gaban limamin unguwarmu, na ce, "Allah gafarta Malam, ina so a mayar da ni farko." Ya ce in zo da Ahalarina, minti ashirin kullum kafin in wuce aiki. Yau kwananmu 26, muna babin rafkanwa a sallah.