Shaidan da ya fi ni bin doka

Shari'ata ta farko ce da zan tsaya ni kaɗai a matsayin lauya, kan wasu motoci biyu da suka yi karo a mahaɗar hanya. Shaidana ɗaya tak, wani dattijo mai surutu kamar an kunna rediyo. Saboda haka kafin ranar zama na zaunar da shi a ofis na ja masa kunne: "Baba, gaskiya za ka faɗa, amma abin da aka tambaye ka kawai za ka amsa. Kada ka ƙara ko wasali."

Ashe ya haddace.

Aka rantsar da shi, na gyara riga na ce, "Baba, ka san abin da ya faru ranar?"

"Na sani."

"Za ka iya gaya wa kotu?"

"Zan iya."

Shiru. Ya harɗe hannuwa yana kallona, har da ɗan murmushin ɗalibin da ya ci jarrabawa. Ga shi ƙa'ida ta hana lauya sa wa shaidansa amsa a baki. Irin wannan tambayar sai lauyan ɗaya ɓangaren, lokacin da yake titsiye shi. Gumi ya karyo mini, na yi kasada: "Farar motar ce ta shigo a guje, ko?" Kafin in rufe baki abokin karawata ya miƙe zumbur ya ce bai yarda ba, mai shari'a kuma ya ce in sake lale. Haka na riƙa ciro labarin kalma-kalma, kamar mai zare ƙaya.

Da abokin karawar tawa ya karɓe shi, tsohon hannu ne, bai ɗaga murya ba. A hankali ya ce, "Baba, a ina kake tsaye lokacin da ka ga karon?"

"Ai ban gani ba, ɗana. Ina banɗaki na ji ƙarar. Maƙwabcina ne ya gani ya ba ni labari."

Shi ke nan, shaidar "an ce" ba ta shiga. Har magatakarda sai da ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

A bakin kotu na tare shi, murya na rawa: "Haba Baba, sau uku muna zama, me ya hana ka gaya mini ba da idonka ka gani ba?"

Ya dube ni da mamaki ya ce, "To lauya, ka tambaya?"