Jini a jikin kaza ba lallai ne cuta ba

Da yawa daga cikinmu, in muka buɗe akurki da safe muka ga kaza da jini a gindin wutsiya, sai mu ce ɓera ne ya cije ta, ko annoba ta shigo, har a yi gaggawar yanka ta. Sau da yawa abin bai kai haka ba.

Sabon gashin da ke tsirowa yana da jini a cikin karansa. In ya karye, jinin yakan zuba sosai, ka duba ka rasa rauni. Zanko ma haka yake, ɗan karce kaɗan ya isa. Inda matsalar take shi ne kaji na bin jan abu. Da zarar sun ga jini sai su yi ta saran wurin, ƙaramin ciwo ya zama rami kafin yamma. Cunkoso da zafi da ƙarancin abinci suna ƙara wannan hali.

Don haka a ware ta tukuna. A danne wurin da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya, a wanke da ruwan gishiri, a shafa maganin nan shuɗi da ake kira GV, wanda ke ɓoye jan. Kada ta koma cikin 'yan'uwanta sai ta warke.

Amma jini a cikin kashin 'yan tsaki daban ne, yawanci ciwon hanji ne, a nemi likitan dabbobi ranar. Haka nan in an ga jini a jikin kaza bayan an zuba maganin ɓera a gidan.